Yis na leda ko kwantan ƙullu: amsa ga mai son raya yis a gida

'Yar uwa, tambayarki ita ce: kin ga Turawa masu haɗa giya a gida suna tsamo yis daga gindin kwalba, su raya shi ya yi yawa, sai kika ce ko ke ma za ki iya raya naki ki huta da sayen na leda, tunda kullum kina ƙullun masa. Har kin tambaya ko za a samu a kwalbar lemon malt, tunda ba ya da barasa. Bari in fara da na ƙarshen don mu wuce shi: babu. Ana ɗumama lemon malt a cikin kwalbarsa kafin ya bar kamfani, musamman don kada wani abu mai rai ya saura, in ba haka ba sukarin da ke ciki zai sa kwalbar ta fashe a shago. Ko kin zuba masa me, ba abin da zai tashi.

Su kuma waɗancan mutanen ba kowace kwalba suke nema ba. Yawancin giyar kasuwa an tace ta, an ɗumama ta, ba yis mai rai a ciki. Sai irin wadda ake barin ta ta ƙarasa nuna a cikin kwalba, kamar Orval ta ƙasar Beljiyam ko Coopers ta Ostireliya, ita ce ke da ɗan laka a gindi. Sukan bar ɗan abin da ya kwanta a ƙasa, su tsabtace bakin kwalbar, su zuba ruwan tsiron sha'ir da aka tafasa ya huce, mai ɗan zaƙi kaɗan kuma ba da yawa ba, domin yis ɗin ya galabaita, ba zai iya da abinci mai nauyi ba. Bayan kwana biyu ko uku in ya fara kumfa sai su juye shi cikin ruwan da ya ninka na farko kamar sau goma, su sake jira, su sake ninkawa. Aikin kan ci mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya sa suke shan wannan wahala shi ne suna bin wani irin yis takamaimai saboda ƙanshinsa, wanda ba lallai su same shi a kanti ba. Wani lokacin ma su sha wahalar banza, don wasu kamfanonin da wani yis daban suke rufe kwalba, ba wanda suka yi ainihin aikin da shi ba. Ni dai ba ruwana da kwalbar, ke ma na san haka, kuma dalilinsu bai shafi mai tanda ba. Abin ɗauka a wurinsu ɗaya ne: yis halitta ce mai rai, tana ci, tana haihuwa, tana mutuwa. Da wannan za mu auna hanyoyi biyun da ke gabanki: yis na leda da kwantan ƙullu, wato ragowar tsohon ƙullu da ake tayar da sabo da shi.

Na leda, irin su Saf-instant na kamfanin Lesaffre na Faransa ko Angel na ƙasar Sin, iri ɗaya ne zalla, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. Tun 1883 wani masani ɗan Denmak, Emil Christian Hansen, ya gano yadda ake ware ƙwayar yis guda ɗaya a raya ta ita kaɗai ba gauraye, kuma a kan wannan dabarar masana'antun yis suke har yau. Suna ciyar da shi da baƙin ruwan rake da ke saura bayan an cire sukari, suna hura masa iska ba ƙaƙƙautawa, sannan su busar da shi su rufe a ledar da aka zuƙe wa iska. Shi ya sa kike jin ledar da tauri kamar bulo kafin ki yanka ta. In kin ɗauko leda a kanti kika ji ta saki, tana motsi kamar ledar gishiri, ki mayar, iska ta riga ta shiga.

Kwantan ƙullu kuwa taro ne. A ciki akwai yis ɗin da ya zo tare da shinkafa ko gero, da na jikin roba da hannunki, sannan akwai ƙwayoyin da ke kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, kuma sun fi yis ɗin yawa nesa ba kusa ba. Kin san yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta kama? To haka ne. Ki rage ludayi ɗaya na ƙullun yau kafin ki sa kanwa ko bakin hoda, kafin albasa ma, ki zuba a na gobe. Mutanen Habasha haka suke yi wa injera, wata irin wainarsu mai faɗi, da ruwan da ke tasowa saman tsohon ƙullu wanda suke kira ersho, kuma 'yan uwanmu da ke Sudan sun san ba a kisra, irin tasu wainar, sai da tsohon kwaɓi. Akwai gidan burodi a San Faransisko ta Amurka, Boudin, da ke cewa uwar kwaɓinsu tun 1849 suke ciyar da ita.

Wajen sauri na leda ya yi gaba, ba gardama. Ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a ƙullun kofi huɗu na shinkafa, a ɗaki mai ɗumi, cikin awa biyu zuwa uku kin ga ya cika roba. Kwantai yana son ki ba shi dare guda. Kuma na leda abin da ya yi jiya shi zai yi yau, alhali kwantai yana da hali irin na mutum: ranar da aka yi zafi ya yi gaggawa, ranar da aka yi sanyi ya yi nawa.

Wajen ɗanɗano kuma labari ya juya. Masar da yis na leda kaɗai ya tayar takan fito da kyau, ta kumbura, ta yi ido, amma ki ci ki ji kamar ana bin ta bashin wani abu. In kuma hannunki ya zarce sai warin yis ya hau kanta, irin wanda ke tsaya wa mutum a maƙogwaro, ko miyar taushe ba ta ɓoye shi. Wannan ɗan tsamin da ke sa ki tuna masar da kika ci kina yarinya ba yis ne ke kawo shi ba, waɗancan ƙwayoyin tsamin ne, kuma su babu su a leda. Ina da maƙwabciya, tsohuwa ce, ba ta taɓa sayen yis ba. Wata 'yar ƙwarya take da ita da ba ta kankare ta tas, takan ɗauraye ta sama-sama ta kife. Da yamma ta zuba sabon niƙa a ciki, ta rufe da faifai, da asuba ƙullun ya taso har yana taɓa faifan, samansa duk ƙananan huji kamar saƙar zuma. Ita ba ta san sunan wata ƙwaya ba, cewa take ƙwaryar ce mai albarka.

Inda mutane ke faɗuwa da kwantai shi ne yanayinmu. Yis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 35, kuma in zafin ruwa ya kai kamar 55 zuwa 60 mutuwa yake, shi ya sa ruwan kwaɓi ya zama mai ɗumin da za ki iya wanke wa jariri fuska da shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a Kano ko Sakkwato, ƙwayoyin tsami kan tsere wa yis, kwantan da kika bari tun safe ya wayi gari ya yi tsamin da kanwa ma sai ta yi da gaske. A lokacin ki rage yawan da kike zubawa, rabin ludayi ya isa, ki ajiye robar kusa da randa. Da hunturu kuma akasin haka, ki ƙara yawa, ki lulluɓe robar da bargo ko ki kai ta kusa da murhu. Firij yana riƙe kwantai mako guda lafiya lau, amma kin san halin wuta. In za ki yi tafiya, ki shafa ƙullun siriri a faranti, ya bushe a inuwa har ya ɓamɓaro kamar ƙanzo, ki zuba a kwalba mai murfi. Ranar da kika dawo ki jiƙa shi da ruwa da ɗan gari, ki ba shi kwana biyu kina ƙara masa. In kin ga launin ja-ja ko ruwan lemo a saman kwantai, ko gashin funfuna, ko wari irin na ruɓa ba na tsami ba, ki zubar duka, ki wanke robar da ruwan zafi. Kada ki kwashe saman ki ce ƙasan lafiya.

Shi ma na leda yana da nasa ciwon. Kafin a buɗe yakan kai shekara biyu. Da kin yanka, zafi da damshi sun fara cinsa, kuma a nan ne masu sayen ƙulle-ƙullen da ake ɗurawa daga babbar ledar giram 500 suke shan kashi, don ba ki san tun yaushe aka buɗe ta ba. Gwajin ba wuya: rabin kofi na ruwan ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis. In minti goma suka wuce babu kumfa, kada ki ɓata shinkafarki.

Akwai hanya ta uku da na ga ana yaɗawa, wai ki zuba yis na leda a ruwan sukari ki riƙa ƙarawa ya haihu. Na gwada, ban ga riba ba. Sukari zalla ba ya ƙunshe da sauran abincin da yis ke buƙata don ya yi ta haihuwa, kuma in babu iska sosai ya fi mayar da hankali ga mayar da sukarin barasa maimakon yaɗuwa. Bayan 'yan kwanaki sai ki samu ruwa mai wari da yis mai rauni, ga kuɗin sukarin ya fi na yis ɗin da kike gudun saye.

Tunda kin ce kullum kike suya, ga abin da zan yi in ni ce. Ranar farko ki tayar da na leda kamar yadda kika saba, ki rage ludayi ɗaya. Gobe ki zuba shi a sabon niƙa tare da rabin yis ɗin da kika saba sawa. Jibi ki sake rage yawan yis ɗin. Cikin mako guda za ki tarar ɗan abin da yatsu biyu suka tsinko ya ishe ki, wani lokacin ma babu ko kaɗan, kuma ƙwayoyin tsami sun riga sun zauna a robar. Ledar yis ɗin ki naɗe bakinta, ki sa a kwalba mai murfi, ki ajiye saboda ranar biki ko suna da za a ce miki mudu goma ake so kafin azahar.