Asibitin yaran da ake fara ɗaga wa jariri leɓe: abin da na gani a Asawase

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina kai 'ya'yana biyu wani asibitin yara mai zaman kansa da ke gefen Asawase a nan Kumasi, kuma abin da ya sa na ga ya cancanci a yi rubutu a kansa wani ɗan aiki ne da bai wuce minti biyu ba, wanda ban taɓa ganin an yi shi a wuraren awon da na sani ba. Duk yaron da aka kawo wa likitar da ke zama ranakun Talata da Alhamis, ko da tari ne ya kawo shi, sai ta duba bakinsa kafin ta sallame shi.

Ranar farko da na kai ɗana, yana da wata goma da haƙora huɗu, gudawa ce ta kai mu. Bayan ta gama tambayoyinta, sai ta jawo kujerarta har gwiwoyinmu suka haɗu, ta sa na zaunar da yaron yana fuskantata, sannan na kwantar da shi ta baya kansa ya sauka a kan cinyarta. Ya tsala ihu, ita kuwa ta ce ihun ma taimako ne, tunda ya buɗe bakin da kansa. Ta ɗaga leɓensa na sama da yatsa, ta goge haƙoran da ɗan ƙyalle mai tsabta, ta haska fitila, ta nuna mini wani farin layi kamar na alli a gindin haƙori biyu, daidai inda suka haɗu da dasashi. Ta ce wannan ne farkon ruɓewa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da shi ba tare da an taɓa haƙorin da inji ba.

Surukata, wadda ta raka ni, ta ce, "Likita, ai haƙoran yarinta ne, duk zai yi famfara su zube." Likitar ba ta jin Hausa sosai, don haka wata ma'aikaciyar jinya 'yar Aboabo ce ta yi tafinta, kuma na yaba da yadda aka amsa wa tsohuwa cikin ladabi. "Hajiya, gaskiyarki, za su zube," in ji likitar, "amma na can ciki da yake tauna da su za su kai shi shekara goma zuwa sha biyu, kuma su ne ke riƙe wa na girma gurbi." Ta ƙara da cewa haƙoran yarinta guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata shida su kammala kafin shekara uku, kuma ɓawonsu ya fi na manya siranta, shi ya sa kogo ke saurin kaiwa ga jijiya. Game da gudawar kuwa ta ƙi yarda a ɗora wa haƙori laifi. Ta ce fitar haƙori kan kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma gudawa da zazzaɓi mai zafi ciwo ne da ke bukatar a binciki asalinsa. Ta kuma hana mu sayen magungunan haƙori na kemis, wanda ya tuna mini da yara 84 da suka rasu a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009 bayan shan wani gurɓataccen maganin fitar haƙori.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan aiki a hannun likitan yara ya dace shi ne, a unguwanninmu babu mai kai yaro wurin likitan haƙori sai kunci ya kumbura an kwana ba a yi barci ba, alhali uwa ɗaya tana zuwa awo da rigakafi sau da yawa kafin yaro ya cika shekara biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke da ruɓewa a haƙoransu na farko. Babbar 'yata tana cikinsu. Tana da shekara huɗu aka cire mata haƙora biyu na gaba, kuma a duk zuwan da muka yi awo da ita a wani wurin daban, an auna nauyinta an rubuta a kati, amma ba wanda ya taɓa cewa ta buɗe baki.

Inda likitar ta fi burge ni shi ne tambayoyinta a kan abinci, domin tambayoyin wanda ya san gidajenmu ne. Ta tambayi ko ina ba shi koko da sukari a bulumboti ya kwana yana tsotsa, ko ana ba shi Milo da dare, ko yayyensa na ɗanɗana masa sobolo, wato zoɓo, da alewa, ko kakarsa na tauna masa nama kafin ta sa masa a baki. Duk amsoshin "e" ne. Ta yi bayani cewa babu wata tsutsa a cikin haƙori kamar yadda muka taso muna ji. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukari su fitar da sinadari mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori, kuma yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin kansa illa. Da dare miyau yana raguwa, don haka abin zaƙin da ya kwana a baki ba ya samun mai wanke shi. Ƙwayoyin kuma suna iya wucewa daga bakin babba zuwa na jariri ta cokali ko ta abincin da aka tauna. Har magungunan ruwa na yara ta ce yawancinsu da sukari a ciki, a riƙa bin su da ruwa.

A kan man goge baki ta kawo buroshi ta nuna mini a aikace: ƙasa da shekara uku, a shafa kamar ƙwayar shinkafa ɗaya, daga uku zuwa shida, kamar ƙaramar ƙwayar wake, sau biyu a rana, kuma babba ne zai goge, ba a bar wa yaro ba. Ta ce in duba jikin kwalin in tabbatar fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ya kai 1000 ppm, wato ma'aunin da ake rubuta yawansa da shi. Ba ta raina asuwaki ba, ta dai ce na manya ne da yaran da suka iya riƙe shi. Ta kuma tambayi ko yaran sukan daɗe a arewacin Ghana, saboda a wurare irin su Bongo ruwan rijiyar burtsatse yana da fulorayid fiye da kima, har yana ɓata launin haƙori. Wannan tambaya ta nuna mini ba haddar littafin Turawa take karanto mana ba.

Sai dai asibitin yana da nasa gazawar, kuma ba ƙarama ba ce. Wannan duba baki ɗabi'ar likita ɗaya ce, ba tsarin gidan ba. Sau biyu na faɗa a hannun wani likitan, bai ko kalli bakin yaron ba sai da na roƙa. Man fulorayid ɗin da ake shafa wa haƙora da ɗan buroshi, wanda ake so a maimaita duk wata uku zuwa shida ga yaron da ya fara nuna alama, sau ɗaya muka same shi, a zuwa na biyu aka ce ya ƙare. Takardar bayanin da suke rabawa da Turanci kaɗai take, a unguwar da yawancin iyaye mata Hausa da Tuwi suke ji. Jira kuma yakan kai awa biyu, kuɗin ganin likita ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, sannan a bakin ƙofa akwai teburin mai sayar da biskit da lemon kwali, inda kusan kowace uwa ke tsayawa ta lallashi yaron da aka yi wa allura.

Da likitar ta duba babbar 'yata ta ga kogo a haƙorin ciki, ba ta yi ƙoƙarin yin abin da ba fanninta ba. Ta rubuta mana takarda zuwa sashen haƙori na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ta kuma tuna mini in sabunta katin inshorar lafiya ta ƙasa, domin yana ɗaukar cire haƙori da cike mai sauƙi. Ta ja hankalina ga haƙoran tauna na dindindin da ke fitowa can baya wajen shekara shida ba tare da wani ya zube ba, waɗanda iyaye kan ɗauka na yarinta ne su yi sakaci da su.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce ya tambayi ranar da wannan likita ke zama, ya zo da sassafe da katin awo, ya kuma bugo waya ya ji ko man shafawar yana nan. Farin layin da ke haƙoran ɗana bai ƙaru ba a dubawar da aka yi masa watan jiya, bulumbotin dare mun daina, amma batun tauna masa nama har yanzu muna tattaunawa da Hajiya.