Kovács da Szabó: maƙeri da maɗinki a sunayen Hangari

A ƙasar Hangari, sunayen dangi biyu da suka fito daga sana'a suna cikin biyar da suka fi yawa: Kovács da Szabó. Dukansu suna tuna aikin hannun kakanni, amma asalinsu daban.

Kovács na nufin maƙeri, kuma aro ne. Daga harsunan Slav ya shigo, daga kalmar da ke nufin dukan ƙarfe, shi ya sa ake samun ɗan'uwansa Kovač a Kuroshiya da Sabiya, da Kowalski a Poland. Wannan ya fi burge ni, domin sunan na nuna yadda Magyar, wato mutanen Hangari, suka zauna cikin maƙwabtansu Slav har suka karɓi kalmomin sana'arsu. Kusan kowane ƙauye yana buƙatar mai ƙera garma da takalmin doki, don haka sunan ya bazu ko'ina, ba daga gida ɗaya ba. Ɗan damben nan Kovács István, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, shi ma Kovács ne. A Hangari sunan dangi ake fara rubutawa.

Szabó kuwa ɗan gida ne. Ya fito daga kalmar Hangari "szab", wato yanka, don haka ma'anarsa mai yanka yadi, tela kenan. Daraktan fim Szabó István, wanda fim ɗinsa ya ci kyautar Oscar a 1982, ya kai sunan duniya.

Mai binciken cuɗanyar Hangari da maƙwabtanta, Kovács zai fi ba shi abin tonowa.