Inshorar diyyar ma'aikata a Maryland: shekarata guda da lamba 8835

Wasiƙar kamfanin inshora ta iso ne wata biyu bayan shekarar inshorarmu ta cika. A tsaye na buɗe ta a bakin ƙofa, jakar aiki na rataye a kafaɗata, sai na ga wai ana bina cikon dala 5,300. Sai da na nemi kujera na zauna. Ni da nake ganin na gama da kuɗin shekara tuntuni, har ina yi wa maigidana burga cewa na samo inshora mai sauƙi.

Shekara tara na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu a nan jihar Maryland ta Amurka kafin Allah ya ba ni ikon buɗe ɗan kamfanina. Aikinmu wanka ne, sauya kaya, tuna wa tsoho lokacin shan magani, ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, sai nas guda da ke zagayawa tana duba su. A dokar wannan jiha ko ma'aikaci ɗaya gare ka sai ka yi masa inshorar diyya, wadda za ta biya asibiti da wani ɓangare na albashinsa in ya ji ciwo a bakin aiki. To, na nemi wani ejan da wata ƙawata ta haɗa ni da shi, ya kawo mini farashi uku, na ɗauki mafi araha ban tambayi komai ba.

Da tunanin gida na shiga harkar, a nan na fara kuskure. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya ba NSITF, hukumar gwamnati mai riƙe asusun diyyar, kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, na ɗauka nan ma kaso ɗaya ne ga kowa. Ashe a Amurka kowane irin aiki da lambarsa mai alƙaluma huɗu, kuma kowace lamba da farashinta a kan kowace dala 100 ta albashi. Wata hukuma ce mai suna NCCI, da ke Boca Raton a Florida, ke tsara lambobin a yawancin jihohi, har da tamu. Masu zuwa gidajen mutane su yi jinya suna ƙarƙashin 8835. Masu zaman ofis, waya da kwamfuta kawai, suna 8810. Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce: na ofis bai kai ko dala ɗaya ba a kan dala 100, namu kuwa ya ninka shi sau da yawa, don kowa ya san bayan mai ɗaga tsoho da bayan mai amsa waya ba ɗaya ba ne. Lissafin a sauƙaƙe yake. A ce farashin dala 3 ne kuma albashin shekara dala 200,000, kuɗinka ya kama dala 6,000 kafin a ƙara ƙananan caje-caje. Sai dai wanda ka biya a farkon shekara kintace ne kawai. In shekara ta ƙare odita zai zo ya duba ainihin abin da ka biya ma'aikata, da ainihin aikin da kowa ya yi.

Oditar da aka turo mana mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ta nemi takardun albashi da na haraji da jadawalin aiki. Tana cikin duba jadawalin sai ta ɗora yatsa a kan sunan ƙanwata, ta tambaye ni me ya kai ma'aikaciyar ofis gidan majinyaci ranar Asabar. Na ce ai in wata ba ta zo ba ita ke toshe gurbin, bai fi sau biyu ko uku a wata ba. Ta ce shi ke nan, ta fita daga 8810. Wannan lambar ba a raba ta: ko mutum ya zama ɗan ofis zalla, ko a kwashe albashinsa kaf a kai shi lambar da ta fi tsada cikin ayyukan da yake taɓawa. Ƙanwata na gefe tana jin mu, ta ce, "Yaya, ashe taimakon nan da nake yi tsada yake ja miki?" Dariya ta kama ni duk da raina a ɓace yake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na faɗa wa ejan wannan tun ranar farko, ya ce ba komai. Ashe arahar farashinsa daga nan ta fito.

Na biyu laifina ne. Akwai mata biyu da nake biya a matsayin 'yan kwangila, da takardar haraji ta 1099 maimakon W-2 da ake ba cikakken ma'aikaci, don haka ban sa su a lissafi ba. Odita ta ce in nuna mata shaidar cewa suna da tasu inshorar. Babu. Ta zuba kuɗinsu cikin albashin 8835. Sauran cikon, wanda ya fi rabi, babu wanda zan ɗora wa: da mata biyar na fara shekarar, na ƙare da takwas, ban kira kowa na ce a gyara kintacen ba. Wuri ɗaya na tsira. Manhajar albashinmu tana ware kuɗin ƙarin lokaci daban, sai aka cire ƙarin rabin da ake ɗorawa a kan kuɗin awa in an yi ƙarin lokaci, ba a yi mini lissafi da shi ba.

Wannan shi ne ɓangaren takaici. Amma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ranar da aka buƙaci kamfanin inshorar bai ba ni kunya ba. A watan Fabrairu wata ma'aikaciyata, babbar mace ce 'yar zangon Kumasi da duk muke kira Anti, tana fito da wani dattijo daga bahon wanka sai ƙafarsa ta zame. Ta tare shi da jikinta bai kai ƙasa ba, ita kuwa bayanta ya riƙe. Ta kira ni muryarta na rawa: "Hajiya, Baba dai lafiyarsa ƙalau, amma ni na kasa miƙewa." A ranar na kai rahoto ta waya, washegari aka ba mu lambar fayil da jami'ar da za ta bi maganar. A Maryland ma'aikaci ne ke zaɓen likitansa, Anti ta je wajen wanda ta saba. Hoton baya, magani, gashin ƙashi na mako shida, ko sisi ba ta cire daga jakarta ba. Kuɗin zaman gida kashi biyu cikin uku ne na matsakaicin albashinta na mako. Kwana ukun farko ba a biya sai in jinyar ta wuce kwana 14, tata kuwa ta wuce, aka haɗa mata da su. Cekin farko ya ɗan yi jinkiri, sai da na kira sau biyu, daga nan bai sake saɓa lokaci ba. Da daga aljihuna kuɗin nan za su fito, da yanzu na koma yi wa wasu aiki.

Jami'ar ta kuma gaya mini abin da ejan bai taɓa ambata ba. Sabon kamfani yana farawa ne da ma'aunin 1.00, in ya girma ya daɗe sai a duba raunukan da aka samu cikin shekara uku a ɗaga ma'aunin ko a sauke shi, kuɗin inshora ya bi shi. Wato ciwon Anti zai iya biyo ni nan gaba. Tun daga lokacin duk gidan da majinyaci ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, sai an kawo na'urar ɗagawa kafin na tura kowa.

'Yan'uwa da ke wasu jihohi kada su ɗauki labarina su ɗora a kan nasu kai tsaye. A Ohio da Washington da Wyoming da North Dakota wajen gwamnatin jiha ake sayen wannan inshora, New York da California kuma kowacce da hukumarta mai tsara lambobi.

Kamfanin inshorar na ba shi maki huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda sun ƙi raba mini cikon fiye da biya uku. Ejan kuwa mun rabu lafiya. Na sabunta da kamfanin ta hannun wata ejan daban, wadda ta zauna da ni awa guda tana tambayar aikin kowa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma mayar da ni tsarin da ake cire kuɗin inshora duk ranar biyan albashi gwargwadon abin da na biya. Matan nan biyu sun koma W-2. Ƙanwata ta zaɓi ofis, ranar Asabar in wata ba ta zo ba ni ke sa takalmi na tafi. Anti ta dawo aiki a watan Afrilu, na ba ta gidan wata tsohuwa mai tafiya da ƙafarta, wadda babbar buƙatarta a dafa mata shayi a zauna a saurari labarin jikokinta.