Rare Breed Rye: Wuskin da Ba a Sirka da Ruwa Ba

Surukina ne ya kawo mini kwalbar wuskin Rare Breed Rye ranar Kirsimeti, a gidanmu da ke Louisville a Amurka. Sai da na yi wata uku ina kurɓa kaɗan-kaɗan kafin na yarda in ce wani abu a kanta. Na san da yawa cikinku ba sa kusantar barasa saboda addini, kuma ina girmama hakan. Da masu sha nake magana.

Kamfanin Wild Turkey ne ke dafa shi a Lawrenceburg ta jihar Kentaki, ya fara fitowa kasuwa a 2020. Dokar Amurka ta ce ba a kiran wuski da sunan rai (rye), wato hatsin nan ɗan'uwan alkama, sai hatsin ya kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa shi da shi, an kuma kwantar da shi a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Yawancin wuski akan sirka shi da ruwa ƙarfin barasarsa ya dawo wajen kashi 40 cikin ɗari kafin a ɗura a kwalba. Wannan kuwa yadda ya fito daga ganga haka aka ɗura shi, kashi 56.1, haɗin mai shekara 4 da 6 da 8.

Kurɓar farko ta yi mini raɗaɗi har maƙogwaro, ban ji komai ba sai wuta. Da na ɗiga ruwa rabin ƙaramin cokali, na bar kofin ya huta minti goma, sai ƙamshi ya tashi: kanumfari, kirfa, ɓawon lemu, can ƙasa kuma ɗan na'a-na'a. A harshe zaƙin zuma ne ke fara zuwa, masoro ya biyo baya, irin yajin da citta ke bari a kunun zaƙi. Daga ƙarshe ƙaurin katako ya zauna a baki ya ƙi tafiya. Abin da ya sa nake son sa ke nan, an bar wa mai sha ya auna ruwansa da kansa, kowace ɗigo kuma tana sauya ɗanɗanon.

Akwai masara da yawa a haɗin hatsinsa, don haka mai neman zallar yajin hatsin rai zai ji zaƙin ya ɗan yi yawa. Ni dai ya yi mini daidai. Da ya fito a 2020 kuɗinsa wajen dala 60 ne, kuma ya ci kuɗinsa.

Kada a cika masa ƙanƙara, tana kashe ƙamshin. Da gasasshen naman rago na fi jin daɗinsa. Na gwada shi da kilishi, yaji ya haɗu da yaji, sai da na ajiye kofin na nemi ruwa.