Kafin ka biya kuɗin tocila mai caji, nemi ganin batirinta

Bara da rani Baffana ya aika a sayo masa tocila mai caji. Noman rani yake yi, tumatir da albasa, kuma yawancin ban ruwansa da dare ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa ɗan aiken: "Ka samo min wadda ta fi kowace haske." Yaron ya dawo da wata baƙa mai ƙaton kai, an rubuta lumen 90,000 a jikin kwalinta da manyan lambobi ja. Daren farko da aka kunna ta kowa ya yaba, don har kukar da ke bakin gona ta haska. Amma kafin ruwa ya cika fangali na huɗu haskenta ya koma kamar na aci-balbal, Baffa ya ƙarasa aikin da fitilar wayarsa.

Da na je gaishe shi ya miƙo min ita ya ce, "Kai da ka san kan waɗannan abubuwa, duba min ko an yi mata wani abu ne." Na kwance murfin bayanta, batir ɗaya ya zamo a tafin hannuna, sakayau kamar ba komai a cikinsa. An rubuta 9,900 mAh a jikinsa, wato yawan cajin da aka ce yana ɗauka. Da na ɗora shi a ƙaramin sikeli, giram 24 ya nuna. Babu abin da aka yi wa tocilar, haka aka ƙera ta.

Irin wannan batir sunansa 18650, kuma sunan awonsa ne: kaurinsa milimita 18, tsayinsa 65. Shi ne a cikin yawancin tocilolin zamani masu ƙarfi, shi ne kuma a cikin batiran tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG da Murata da Molicel, mafi ɗaukar cajin da suke fitarwa bai wuce wajen 3,500 mAh ba, ko ɗan sama da haka kaɗan. Nauyin na gaske kuwa giram 45 ne zuwa 48. Saboda haka duk 18650 da ka ga an rubuta masa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tun daga fatarsa, kuma sau da yawa abin da ke ciki bai kai 1,000 ba. Ba sai kana da sikeli ba. Riƙe na gaske a hannu ɗaya, na bogi a ɗaya hannun, nan take za ka ji bambanci. Akwai yayansa, 21700, mai kaurin milimita 21 da tsayin 70, wanda ke ɗaukar 4,000 zuwa 5,000 mAh. Tocilar da ke amfani da shi ta ɗan fi kauri, amma ga mai kwana a waje wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne.

A kasuwanninmu, daga Sabon Gari a Kano har zuwa ƙananan shagunan kayan wuta na unguwa, tocila mai caji iri uku za ka tarar. Akwai ta roba mai ƙafafu biyu da ake turawa kai tsaye cikin soket. Mafi yawan irin wannan ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, ɗan'uwan na babur, kuma shi ya sa suke da araha da nauyi. Halin batirin dalma shi ne ba ya yafe wa wanda ya bar shi babu caji. Idan aka yi kwanaki ba a kawo wuta ba, tocilar na ajiye a mace, to ko an kawo daga baya ba za ta koma yadda take ba. Ga mai neman abin shiga banɗaki ko duba tukunya ta wadatar, amma ba ita muke magana a kai ba. Sai ta biyu, ta ƙarfe mai cajin USB wadda aka rufe batirinta a ciki, ba a iya ciro shi sai an fasa. Ta uku ita ce wadda ake kwance murfinta a ciro batir a sa wani.

Ni ta ukun nake ba kowa shawara, kuma dalilina mai sauƙi ne. Ƙwan LED na iya shafe shekaru masu yawa yana aiki, amma batirin litiyam yana tsufa. Bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, ko ya sha zafi, sai ƙarfinsa ya ragu. Idan a rufe yake, ranar da ya mutu tocilar ta mutu. Idan ana ciro shi, sai ka sayi sabo ka ci gaba. Ban da haka, kana iya ajiye na biyu cike da caji a aljihu, wanda a wurin da wuta ba ta tsayawa ya fi kowace kwalliya da aka yi wa tocila amfani.

Yanzu batun lumen, wanda shi ne inda aka fi cutar mutane. Lumen ma'aunin jimillar hasken da fitila ke fitarwa ne. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da muka taso da shi yana ba da wajen lumen 800. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat. To mu yi lissafi. Batirin 18650 na gaske mai 3,500 mAh, a kan bolt 3.6, abin da ya tara shi ne wat 12 da ɗoriya na tsawon awa ɗaya. Lumen 1,000 na cin wat 8 zuwa 10. Ke nan tocila mai batir ɗaya, ko da na gaske ne, awa ɗaya da kwata zuwa wajen awa ɗaya da rabi kawai za ta iya riƙe lumen 1,000. Lumen 90,000 kuwa na bukatar ɗaruruwan wat, wato wutar da dutsen guga ke ja. Ba a ce babu tocilar da ta kai haka a duniya ba. Kamfanin Imalent yana da wata mai suna MS18 da ya ce tana kai lumen 100,000, amma ƙwai 18 ne a kanta, batiran 21700 guda 8 ne a cikinta, har da fanka mai sanyaya ta, nauyinta ya kusa kilo biyu, kuɗinta kuma ɗaruruwan daloli ne. Idan wani ya miƙo maka abin da zai shiga aljihun riga ya ce haskensu ɗaya, ka san inda maganar ta dosa.

Akwai kuma abin da ko kamfanonin kirki ba sa rubutawa da manyan baƙaƙe. Lambar da ke gaban kwali ta matakin ƙoli ce, wanda suke kira Turbo. A wannan mataki ƙwan yana ɗaukar zafi da sauri, sai tocilar ta rage hasken da kanta bayan minti ɗaya zuwa uku don kada ta ƙone. Tocilar aljihu da aka ce lumen 3,000 ce, abin da take iya riƙewa na dogon lokaci sau da yawa bai wuce 600 zuwa 900 ba. A watan Afrilu, lokacin da daren ma ba ya hucewa, raguwar ta fi saurin zuwa. Wannan ba aibi ba ne, alama ce ta cewa an yi wa tocilar tsarin kare kanta. Abin da ya kamata ka nema a takardar da ke cikin kwali shi ne matakin tsakiya: lumen nawa ne, awa nawa yake yi? Lumen 300 na awa huɗu ya fi wa manomi da maigadi amfani a kan 3,000 na minti biyu. Ido ma ba ya ganin bambancin yadda lambobi ke nunawa. Sai an ninka lumen kusan sau huɗu kafin ka ji kamar hasken ya ninka sau biyu.

Tun shekarar 2009 akwai ƙa'idar awo da aka fitar a Amurka mai suna ANSI FL1, kuma kamfanoni irin su Fenix da Nitecore da Streamlight da Olight suna buga alamominta a kwalayensu. Ganinta alama ce mai kyau, amma ka san yadda ake karanta ta. Tsawon lokacin aiki da suke rubutawa ana ƙirga shi ne har sai hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Nisan haske kuma shi ne inda hasken ya ragu ya yi daidai da farin wata na daren sha huɗu. A farin wata kana iya ganin mutum tsaye, amma ba za ka gane fuskarsa ko abin da ke hannunsa ba. Don haka idan an rubuta mita 400, ka sa a ranka rabin haka ko ƙasa da rabi ne zai yi maka aiki.

Nisan haske ba lumen kaɗai ke kawo shi ba, har da siffar kan tocilar. Kai mai faɗi da zurfi, mai santsin madubi a ciki, yana tattara haske wuri ɗaya ya jefa shi nesa. Ƙaramin kai mai madubi mara santsi yana baza shi kusa. Ma'aunin wannan shi ne kandela: kandela 10,000 na kaiwa mita 200 a wancan awon, 40,000 na kaiwa mita 400. Ɗan sintiri da makiyayin da ke duba bakin garke suna bukatar mai jefawa nesa. Mai ban ruwa, da makanike, da wanda ke tafiya a ƙafa cikin ciyawa, mai bazawa suke bukata, domin abin da zai cuce su yana kusa da ƙafarsu ne. Kububuwa launin ƙasa gare ta, kuma da dare take yawo. Siririn haske mai zuwa nesa zai nuna maka bishiyar da ke can, ya bar taku biyu na gabanka a duhu. Idan aikin na hannu biyu ne, fitilar goshi mai batirin 18650 ta fi tocilar hannu komai kyanta.

Mutane na son irin wadda ake jan kanta gaba da baya, haske ya tsuke ko ya buɗe. Ban cika son ta ba. Idan ka tsuke ta, wani kaso mai yawa na hasken yana maƙalewa a ciki, kuma wannan zugewar da ake yi tana shaƙo ƙura da danshi zuwa cikin tocilar.

Launin haske ma abin dubawa ne. Fari fat mai ɗan shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, ya fi ɗaukar ido a shago. Amma a cikin hazon hunturu yana dawo maka a fuska, kamar yadda doguwar fitilar mota ke yi wa direba. Mai 4000K zuwa 5000K, wanda ya ɗan karkata zuwa launin hantsi, ya fi daɗin kallo cikin ƙura, kuma ya fi nuna ainihin launin abu.

Game da ruwa da ƙura: IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsama, IPX7 na nufin za ta iya yin minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya. Idan ka ga IP67 ko IP68, lambar 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga. Duba zoben roba a bakin murfi, ka kuma duba ko marfin ramin caji yana rufuwa gam.

Ramin cajin ya zama USB-C, don ka iya amfani da cajar wayarka ko ƙaramin sola. Sai dai wasu masu araha ramin ne kawai na USB-C, ba sa karɓar caji daga igiyar caji mai bakin C ta kowane gefe, sai mai faffaɗan baki a gefe ɗaya. Tafi da cajarka shagon ka gwada a gabansa.

Idan ka isa shago, bayan gaisuwa ka ce, "Alhaji, a taimaka a buɗe min in ga batirin." Mai kaya na gari ba ya jin haushin wannan. Karanta abin da aka rubuta a jiki, ka auna nauyinsa a hannu, ka duba ko fatarsa ta yage. Sannan ka kunna tocilar a matakin ƙoli ka riƙe ta minti biyar kuna hira. Tocilar ƙarfe mai ƙarfin gaske dole kanta ya yi zafi, domin jikinta ne ke fitar da zafin ƙwan. Wadda aka ce lumen dubbai ce amma ta zauna da sanyinta, ba ta ba da hasken da aka faɗa. Bi matakanta ɗaya bayan ɗaya. Kana son ta kasance da mataki na ƙasa sosai, wanda za ka duba yaro da shi cikin gidan sauro ba tare da ka tashe shi ba, kuma wanda zai kwana biyu yana ci. Guji wadda sai ka ratsa ta cikin haske mai walƙiya kafin ka kashe ta, don kullum za ta dame ka. A matakin ƙasa ka kaɗa hannunka a gabanta da sauri. Idan ka ga yatsunka sun rarrabu kamar hotuna da yawa, hasken yana ƙiftawa ne, kuma wasu yana sa musu ciwon kai.

Za ka ga ana sayar da batiran 18650 da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Da yawansu na asali ne, sun ma fi sabon bogi, amma sun riga sun sha aiki. A saye su da araha a matsayin na ko-ta-kwana, kada a biya musu kuɗin sabo.

Batirin litiyam yana son a kula da shi. Kada a bar tocila a gaban mota cikin rana, kada a yi mata caji tana da zafi ko a kan katifa, kada kuma a jefa batir tsirara cikin aljihu tare da makullai, domin ƙarfe na iya haɗa bakinsa biyu ya kama da wuta. Wanda fatarsa ta yage ko ya kumbura a daina amfani da shi. Idan za a ajiye tocila na watanni, a bar ta da rabin caji. A yawancin na ƙarfe, sassauta murfin baya kaɗan yana yanke wutar gaba ɗaya, sai ta daina shan caji a ajiye, ba za ta kuma kunna kanta a cikin jaka ba.

Baffa dai daga ƙarshe fitilar goshi na saya masa, mai batirin 18650 da ake cirowa, da ƙarin batir ɗaya a ɗan akwatin roba. A kwalinta lumen 1,200 aka rubuta, ya dube ni ya ce, "Wannan ai ba ta kai waccan ba." Na ce, "Baffa, a bar ta a mataki na biyu a gani." Da ita ya ƙarasa ban ruwan bara, kuma batir na biyun sai wajen asuba yake sa shi.