Ajin Turancin 'yan kasuwa ta WhatsApp: ya ci kuɗinsa?

'Yan layinmu a Kantin Kwari sun dame ni da tambaya a kan ajin Turancin da na shiga, wanda wani malami a nan Kano yake gudanarwa ta WhatsApp. Bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Ajin ya ci kuɗinsa, amma ga wanda ya riga ya iya haɗa jimla. Wanda bai san baƙi ba ya nemi makarantar yaƙi da jahilci tukuna.

Tsarin ba wuya. Bayan sallar isha'i malam yana turo saƙon murya, kowa ya saurara idan ya samu sarari, ya amsa da muryarsa, malam ya gyara masa. Ba ya bin nahawu babi bayan babi. Kalma ɗaya yake kamawa, irin wadda muke ji a bakin ma'aikatan banki da masu turo mana kaya daga Dubai da ƙasar Sin, ya yi ta juya ta har ta zauna.

Darasin da ya sa na sakankance da shi shi ne na actually. Duk wanda ka tambaya a kasuwa zai ce maka ma'anarta "a gaskiya", shi ke nan. Malam ya ce wannan ɗaya ce daga cikin ayyukanta. Wani lokaci mamaki take nunawa, kamar "ashe" ɗinmu: "He actually paid", wato ashe kuwa ya biya, mutumin da ka riga ka cire rai da bashinsa. Wani lokaci gyara take yi, kamar "ai". Mai saye ya taɓa shaddar Getzner ya ce 'yar Sin ce, kai kuma ka ce "Actually, it's from Austria", ai ta Ostiriya ce, Alhaji. Akwai kuma ta sauya shawara a tsakiyar ciniki: "Actually, give me two", a'a, bari dai ka ba ni turmi biyu.

A wurin gyaran ne ya fi daɗewa, kuma ya yi daidai, domin a nan ake ɓata ciniki. Idan ka fara magana da kalmar, ka kuma danne ta da murya, mai sauraro zai ji kamar kana koya masa hankali ne. Ka sassauta murya ko ka tura ta ƙarshen jimla, sai ta koma ladabi. Ya faɗi jimla ɗaya da muryoyi biyu, kowa ya ji bambancin da kunnensa. Takarda ba za ta iya yin wannan ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin ajin sun fi kowa riba. Su da Faransanci suka yi boko, kuma a can actuellement na nufin "a halin yanzu". Sai ɗayansu ya so ya ce yanzu babu kaya a shago, ya ɗauko actually, Bature kuma ya ji wani abu dabam. Malam ya bayyana cewa tushensu ɗaya ne a Latin amma sun raba hanya, kuma currently ko at the moment ake so a nan.

Yanzu ga inda ya gaza. Saƙonnin suna yin tsawo, suna cin data, ga zauren ya cika da gaisuwar Juma'a har sai ka wahala kafin ka tono darasin jiya. Misalansa da yawa daga ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yake ɗauko su, wanda A. S. Hornby ya tsara, Oxford ta fara bugawa a 1948. Ƙamus ne mai kyau, sai dai ranar da malam ya gaji ba ya mayar da misalan su zama na kasuwa, haka yake karanto su. Darasin really kuwa a gurguje aka yi shi, har yanzu wasu suna cakuɗa ta da actually.

Wata-wata ake biya, ta tura kuɗi a asusu. Mai son shiga ya fara roƙon a turo masa tsohon darasi ɗaya ya saurara kafin ya biya, kuma ya kashe ƙarar zauren tun ranar farko.