Kafin ka cusa dikoda a jaka ka tafi ƙasar waje

Wani yaro ya zo shagona a kasuwar Wunti da ke Bauchi, zai tafi Malesiya karatu, yana son dikodar DStv kada labaran gida su wuce shi. Na ce masa, ƙanena, mai da kuɗinka aljihu. Tauraron ɗan Adam ɗin da take kamawa Afirka ta kudu da Sahara yake haskawa, ko wane irin faranti ka kafa a can ba abin da za ka gani. StarTimes mai eriya ma haka, da turken da ke kusa da kai take aiki. Wanda zai zauna Yamai ko Garwa ne faranti zai yi wa rana, ya kama tashoshin kyauta.

Ga na nesa, YouTube na fi ba shi shawara. Channels, TVC, Arise da Trust TV duk suna watsa shirinsu kai tsaye, ba ko sisi sai data. Rage ingancin hoton zuwa 480, awa guda za ta ci wajen rabin giga. Kallon labarai ai ba kallon ƙwallo ba ne. Babbar fa'idarsa kuwa ita ce abin da ya wuce ka yana nan a ajiye. Labaran NTA na ƙarfe 9 na dare, a Makka 11 ta yi, a Malesiya 4 na asuba. Wane ɗalibi ne zai jure wannan kullum?

Arewa24 tana da manhajarta ta biyan kuɗi. Idan da iyali za ka tafi, kana son yara su riƙa jin Hausa a ɗaki, ta ci kuɗinta. Amma ƙarfinta a wasan kwaikwayo da shirye-shirye yake.

Akwatunan nan da ake tallarsu wai tashoshi dubu a kuɗi kaɗan, ba na sayar da su. Yawancinsu satar hanya ce, ranar da aka rufe ba wanda za ka kama.

Abin da ke damuna shi ne duk waɗannan labarin Abuja da Legas suke kawowa. Mutumin Azare ko Misau so yake ya ji ko damina ta kankama, nawa buhun masara, an biya albashi ko ba a biya ba. Wannan sai shafukan Facebook na kafofin jiha irin su BATV, sai kuma rediyo. Sa manhajar Radio Garden a waya, ka lalubo Bauchi a taswira ka ga tashoshin da ke kai.

Yaron nan dai Chromecast ya saya, ɗan abin da ake maƙalawa a bayan talabijin ya ɗauko hoto daga waya. Na ce ya gwada tashoshin tun yana gida, ya ajiye waɗanda suka buɗe.